Waƙar Hi-Res Ba Ta Shiga Faifan CD Yadda Ta Zo

Faifan CD bai mutu ba a arewacin Jigawa, duk da an daɗe ana yi masa ta'aziyya. Wanda ya tsaya a tashar motar Gumel ranar Alhamis da safe, lokacin da ake lodin masu zuwa kasuwar Maigatari, ya leƙa cikin tsofaffin Golf da Sharon da Corolla, zai ga wasunsu har yanzu da rediyon da suka zo da shi daga Turai: bakin faifai kawai, babu ramin memori, babu Bluetooth. A cikin gidaje ma haka abin yake. Na'urar DVD ɗin da aka saya lokacin da finafinan Ibro ke tashe tana nan a ƙarƙashin talabijin, kuma maigida ya fi sanin maɓallanta fiye da na wayar da 'ya'yansa suka saya masa.

A ɗaya gefen kuma ga matashi mai Tecno ko Infinix ko Redmi, wanda ya fara cin karo da wasu rubuce-rubuce a jikin waƙoƙi da kwalin iyafis: Hi-Res, FLAC, 24-bit/96kHz. Masu talla suna ce masa wannan shi ne ainihin sautin da mawaƙi ya ji a situdiyo. Sai wata dabara ta faɗo masa, kuma dabara ce mai kyau a fuska. Tunda akwai tsohuwar laftof mai cin faifai a gida ko a shagon abokinsa a Sule Tankarkar, me zai hana ya sauko da waƙa a mafi girman mizaninta, ya ɗura ta a faifai, ya ba Baba ya sa a mota, ko shi ma ya more a ɗaki?

Abin da zai hana shi ne faifan kansa. Faifan sauti ba ya karɓar Hi-Res, kuma ba a taɓa ƙera shi don ya karɓa ba. Zai yi daɗi in an ɗura masa, daɗi sosai ma, amma daɗin da zai yi, fayil mai kashi ɗaya cikin uku na wancan nauyin ma zai ba da shi. Ragowar datar ta tafi a banza.

Dalilin yana cikin wata yarjejeniya da ta girmi mafi yawan masu karanta wannan shafi. A 1980 kamfanonin Sony da Philips suka daidaita a kan yadda faifan sauti zai kasance, a 1982 kuma na'urar farko ta shiga kasuwa a Japan. Ƙa'idar ita ce a auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da bit 16, ɓangaren hagu da na dama kowanne da nasa. In an haɗa lissafin, kilobit 1,411 ke nan a sakan, wato kusan megabayit 10 a minti. Faifan da aka rubuta wa 700MB a jikinsa kuwa, minti 80 na sauti yake ɗauka. Duk wata na'urar CD da aka ƙera daga lokacin zuwa yau, har da rediyon tsohuwar Golf ɗin nan, wannan ma'aunin ta sani. Shi kuwa fayil ɗin Hi-Res ana auna shi sau 96,000 ko 192,000 a sakan, da bit 24. Idan aka miƙa shi ga manhajar ɗura faifai, ɗayan biyu ne: ko ta ƙi karɓa, ko ta rage shi a asirce zuwa 44,100 da bit 16 ba tare da ta yi sallama ba. Tulu dai ba ya ɗaukar fiye da cikinsa, ko daga kogi aka ɗebo ruwan.

To, abin da aka zubar ɗin, kunne zai yi kewarsa? Nan ne tallar ta fi rauni. Awo 44,100 a sakan ya isa ya kama duk sautin da ke kaɗawa har sau 22,050 a sakan. Kunnen ɗan Adam, a ƙuruciyarsa da lafiyarsa, iyakarsa wajen 20,000 ne, kuma yana raguwa da shekaru. Wanda ya shekara biyar yana ƙure ƙarar iyafis, ko yake wuni kusa da injin niƙa ko janareta, nasa ya riga ya sauko ƙasa da haka tun bai kai talatin ba. Abin da awo 96,000 ke ƙarawa yana can sama, inda jemage ke ji. Bit 16 kuma yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, bit 24 yana ba da 144 a kan takarda. A cikin motar haya da ke gudu gilashi a sauke, iska na kaɗawa, fasinjoji na cinikin raguna tun kafin a isa kara, ko rabin desibel 96 ɗin ma ba a amfana da shi.

Masana sun gwada wannan da kunnuwan mutane. A 2007 wasu Amurkawa biyu, Brad Meyer da David Moran, suka wallafa sakamakon gwaji sama da 500, inda ake kunna wa mutane sauti mai babban mizani, a kuma kunna musu shi bayan an rage shi zuwa mizanin CD, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Dacewar da suka yi ba ta wuce ta mai canki-canki ba, kusan rabi da rabi. A 2016 kuma Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya sake nazarinsu, ya ce akwai ɗan bambancin da ake iya ganewa, musamman ga wanda aka horar da kunnensa. Adalci shi ne a faɗi duka biyun. Amma ko an ɗauki maganar Reiss gaba ɗaya, bambanci ne ɗan ƙarami, a ɗaki shiru, da kayan sauti masu tsada. Kuma a batun faifai ma maganar ba ta taso ba, tunda a ƙofar faifan ake sauke wannan ƙarin.

Ga lissafin data. Waƙoƙin awa ɗaya a mizanin 24/96, ba a matse ba, sun kai gigabayit 2. A tsarin FLAC, wanda ke matsewa ba tare da ya zubar da komai ba, sukan wuce gigabayit 1. Awa ɗayan nan a mizanin CD megabayit 635 ce, a FLAC kuma ta sauko wajen 400 ko ƙasa. A MP3 mai 320 kuwa megabayit 144 ce kacal. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin darajar gigabayit. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke lallaɓa datar mako, ko saurayin Danzomo da sai ya nemi inda sabis ya fi ƙarfi kafin abu ya sauko, bai kamata ya zuba gigabayit guda a kan abin da manhaja za ta datse cikin sakan goma ba. Wanda zai saya ko zai sauko da waƙa don faifai, ya zaɓi FLAC ko WAV mai 16/44.1, ya huta.

Ko a wayar ma, yawancin masu alfahari da Hi-Res ba shi suke ji ba. Iyafis ɗin Bluetooth da ƙananan sifikun da ake kira MP galibi suna karɓar sauti ne ta tsarin SBC, wanda ƙarshen ƙoƙarinsa wajen kilobit 328 ne a sakan. Tsarin LDAC na Sony, wanda ake yi wa kirari, iyakarsa 990, bai ma kai 1,411 na faifan 1982 ba. Tsohon iyafis mai waya ya fi su gaskiya a nan.

Inda ɓarnar take

Da a ce matsalar sauti a wannan yanki ita ce bambancin bit 24 da bit 16, da an gode Allah. Ɓarnar tana faruwa tun kafin a zo nan, a wajen asalin fayil ɗin.

Mafi yawan waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane daga Gagarawa zuwa bakin iyakar Nijar ta hannun masu turi suka biyo, ko ta Xender, ko ta wani zauren WhatsApp. Turin kansa ba shi da laifi. Wannan wuri ne da mutane ke kuskure, domin sun taso da tunanin kaset, inda kowane kwafi ke fin na bayansa dishewa. Fayil ɗin dijital ko sau dubu aka tura shi, yadda ya fito haka zai isa. Abin da ke cin sauti shi ne juyawa daga wani tsari zuwa wani. Mawaƙi ya ɗora bidiyonsa a YouTube, YouTube ta matse sautin zuwa abin da bai fi kilobit 128 zuwa 160 ba. Wani ya ciro shi da manhajar mayar da bidiyo MP3, an sake matsewa. Wani shafin waƙoƙi ya ɗauka ya liƙa muryar da ke kiran sunan shafinsa a farko da tsakiya, an matse karo na uku. Wani ya yanki rabi ya sa a sitatus, wani ya ciro daga sitatus ɗin. Kowane matsi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Kafin waƙar ta iso memorin direba, siraran sautuka sun koma kamar ana yayyafa ruwa a kan kwanon rufi, gangar kuma ta rasa gindi.

Sai kuma wayon da ya fi ɓata rai. Ana iya ɗaukar wannan gajiyayyen fayil a juya shi zuwa MP3 mai 320, ko FLAC, ko ma 24/96, ya kumbura ya yi nauyi, a rubuta masa HD. Nauyin ya ƙaru, sautin yana nan inda yake, kamar a zuba wa kunu ruwa a ce ya yi yawa. Manhajojin da ke alƙawarin ciro "320" daga YouTube abin da suke yi ke nan, domin ba za su ba da abin da YouTube ɗin ba ta aiko ba. Akwai hanyar kama su. Wata ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek tana zana hoton sautin fayil. Idan hoton ya yanke ƙaf a wajen 16kHz kamar an sa reza, sama duk baƙi, to asalinsa MP3 ne mai 128, ko me aka rubuta a sunansa. Audacity ma tana nuna wannan hoto. Mai shagon turi da ya koyi wannan dubawa ta minti ɗaya ya fi maƙwabcinsa abin sayarwa.

Wani zai ce to a sauko da ita daga inda take da tsabta mana. Nan ma akwai shinge. Abin da ake "saukewa" a Spotify ko Apple Music, da galibin na Boomplay da Audiomack, a kulle yake a cikin manhajar. Ana ji ba tare da data ba, amma ba fayil ba ne da za a kwasa a kai kwamfuta. Apple Music ta fara ba da sauti marar matsi har zuwa 24/192 tun 2021, kuma ko ɗaya ba ya ɗuruwa a faifai. Shagunan da ke sayar da fayil ɗin kansa, irin su Bandcamp da Qobuz da HDtracks, da kuɗin waje suke ciniki, kuma wanda ya shiga neman Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker ko Aminu Ala a mizanin 24/96 zai sha yawo. Kasuwar Hi-Res ba don mai sauraron waƙar Hausa aka gina ta ba, aƙalla zuwa yanzu.

Amma akwai wuri ɗaya da matashin Sule Tankarkar ke da cikakken iko a kan asalin sauti, kuma nan ne ya fi sakaci. Ango ya biya situdiyo a Kano ko a Gumel an yi masa waƙar biki. Makarantar Islamiyya ta ɗauki ƙasidar walimar sauka. Sha'iri ya shiga ya rera nasa, ɗan takarar kansila ma an yi masa tasa. Aiki ya ƙare, mai situdiyo ya turo MP3 ta WhatsApp, kowa ya ce madalla. Bayan shekara biyu kwamfutar situdiyon ta mutu ko an goge ta don a samu wuri, wannan MP3 ɗin ya zama shi kaɗai ya rage a duniya. Wanda ya biya kuɗin aiki yana da damar ya ce a ba shi WAV, a filashi ko a turo shi a matsayin dokumen. Waƙar minti shida ba ta fi megabayit 60 da 'yan kai ba. Wannan fayil ɗin, in aka ɗura shi a faifai, shi ne zai sa mai mota ya juyo ya tambayi inda aka samo shi. Ba ya buƙatar tambarin Hi-Res.

Me ya sa ma za a wahala da faifai?

Tambaya ce mai ƙarfi, kuma ga mutane da yawa amsarta ita ce kada a wahala. Rediyon mota mai cin memori da filashi yana nan a kasuwa, daga Farm Centre a Kano har shagunan kayan lantarki na Gumel. Akwai kuma 'yar na'urar nan da ake soka wa a ramin kunna sigari, ta ɗauki waƙa daga memori ta watsa wa rediyon motar ta zangon FM. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi muni a kunne: FM ba ya wuce 15kHz, ga shuuu da ke biyo baya, ga tsangwamar tashoshi in an doshi birni. Faifai mai kyau ya fi ta nesa ba kusa ba. Kuma faifai ba ya neman sabunta rajista, ba ya sako talla a tsakiyar baiti, kira ba ya katse shi, yaro ba ya goge shi da kuskure. Dattijon da ba ya son shiga cikin manhaja ya san abu ɗaya: ya zura, ta kama.

Inda faifan sauti ya gaza shi ne dogon zango. Minti 80 ne, ko fayilolin ƙanana ne ko manya, kuma waƙa ba ta wuce 99. Saukar Alƙur'ani gaba ɗaya tana cin awa 20 zuwa 30 ko fiye, gwargwadon saurin makaranci, wato faifai 15 zuwa sama da 20. Tafsirin watan azumi ya fi haka. Irin wannan sai memori, ko faifan data mai ɗauke da MP3, wanda zai ɗauki kusan awa 12 a mizanin 128. Sai dai fa tsofaffin rediyoyin mota da yawa ba sa karanta faifan data. Rashin sanin wannan bambanci shi ya fi komai jawo a ce "faifan ya ƙi yi": an kwafe fayiloli an zuba kamar a filashi, alhali motar faifan sauti take jira. Na'urar DVD ta gida ita ba ta cika wannan tsirfa ba, kusan komai tana ci.

Wanda ya yanke shawarar zai ɗura, aikin ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. Waya ba ta wannan aiki, sai kwamfuta mai cin faifai, kuma sababbin laftof sun daina zuwa da wurin, don haka ko tsohuwar HP ko Dell, ko a sayi na'urar da ake jonawa ta USB. Idan fayil ɗin da ke hannu Hi-Res ne na gaskiya, gara mutum ya rage shi da kansa a Audacity ko foobar2000 zuwa 44,100 da bit 16, ya kunna zaɓin da aka rubuta wa dither, wanda ke yayyafa wata 'yar ƙara da kunne ba ya ji don ta share kaushin da ragewar ke bari. Ya ajiye sakamakon a WAV, kada ya bi ta MP3 a hanya. Daga nan CDBurnerXP ko ImgBurn ko ma tsohuwar Windows Media Player za su ƙarasa, muddin an zaɓi faifan sauti. A yi amfani da CD-R, domin CD-RW mai goguwa ba ya mayar da haske sosai, tsofaffin na'urori kan kasa ganinsa. Kada a ƙure gudu don an ga 52x a jikin faifan, 8x zuwa 16x ya fi kwanciyar hankali. A tabbata manhajar ta rufe faifan a ƙarshe. Kuma a duba batirin laftof kafin a fara, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a kwamfutar da batirinta ya mutu, faifan ya zama na rufe kofin shayi. Ba laifi, asalin sunan ma daga faifan rufe ƙwarya aka aro shi.

A gwada guda ɗaya a cikin ainihin motar da aka yi dominta kafin a ɓata sauran.

Zafin Afrilu da faifan da aka bari a gaban mota

Kuskure mafi tsada shi ne a ɗauka cewa abin da aka ɗura a faifai ya tsira ke nan har abada, sai a goge asalin don a samu wuri a waya. Faifan kamfani da faifan gida ba ɗaya ba ne. Na kamfani ana buga shi ne da maƙera, ramukan bayanan suna cikin robar kanta. Na gida kuwa wani siririn rini ne a ciki, hasken leza ke ƙona shi ɗigo-ɗigo, shi ya sa ake cewa an ƙona faifai. Rinin da haske da zafi suka rubuta, haske da zafi suna iya ɓata shi. A yankin Gumel, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe yana iya kaiwa 70. Faifan da ya yi bazara guda a nan zai fara tsalle, daga baya ya yi shiru. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, a goge faifai da gefen riga, a kankare shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, bayan faifan, inda ake rubutu, ya fi cikinsa rauni. Bayanan suna dab da wannan saman, fenti ne siriri kawai ya rufe su. Ƙarzuwa a gefen mai ƙyalli sau da yawa na'ura na iya tsallake ta, amma wanda ya danna biro a baya ya rubuta "Shata 2" yana iya huda waƙar da hannunsa. Sai da maka mai laushin baki. Memori ma ba waliyyi ba ne: akwai na jabu masu nuna 32GB alhali cikinsu bai kai kwata ba, kuma na gaskiyar ma yana iya mutuwa dare ɗaya ba gargaɗi. Abin da ake so kada a rasa, a ajiye asalinsa wuri biyu da ba sa tare, ɗaya a kwamfuta ko babbar ma'adana, ɗaya a Google Drive ko a hannun wani ɗan'uwa. Faifan ya zama na yawo, in ya mutu a ɗura wani.

Sai batun haƙƙi, wanda ba a son ji. Mutum ya ɗura wa mahaifinsa faifai ɗaya daga abin da ya mallaka, wannan daban. Ya ɗura hamsin ya baza a faranti ranar kasuwa, wannan cin guminsu ne. 'Yan Kannywood sun san yadda wannan ya ƙare: Ƙofar Wambai a Kano ta taɓa zama cibiyar da kaset da faifai ke fita zuwa ko'ina a ƙasar Hausa, satar fasaha da turi suka taru suka durƙusar da cinikin, har masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshin talabijin. Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Akwai misalin da ya nuna ana iya yin abin da mutunci. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, a 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da su a faifan garmaho. Kafin ya sayar, sai da ya bi sawun mawaƙan ya nemo su don a raba kuɗin da su. Cikinsu har da Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da jitarsa.

Duk wannan ba ya nufin bit 24 da awo 96,000 ba su da amfani. Suna da shi, a wajen ɗauka. Mai situdiyo yana buƙatar wannan sarari don ya haɗa murya da kiɗa, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, ba tare da ƙara ta taru ba. Masu adana kayan tarihi ma haka: ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a kwafe tsofaffin kaset da faifai a bit 24 da awo aƙalla 48,000, an fi son 96,000, saboda wataƙila wannan ne karo na ƙarshe da kaset ɗin zai yarda ya juya, kuma mai gyara na gaba zai so ya samu komai.

Nan ne ya kamata mai sha'awar manyan lambobi ya kai sha'awarsa. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Su manya ne, gidajen rediyo da masu bincike sun riƙe wani abu nasu, duk da cewa abin da ke yawo a wayoyi da sunansu yawanci kwafin kwafin kaset ne da aka matse har kalangu da kuntigi suka koma kamar ana buga gwangwani. Waɗanda ba su da kowa su ne na gida: makaɗin noma da ya yi tashe a ƙauyuka uku, mai gogen da ake ɗauka biki har cikin Nijar, marokin fada, malamin da aka ɗauki tafsirinsa a wani azumi da rikoda mai batir shida. Irin waɗannan kaset suna cikin akwatunan ƙarfe a gidajen masarautar Gumel, zaren yana manne wa juna duk bazara.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin matashi ba: rikoda mai lafiya da aka goge kanta, wayar da za ta haɗa ramin iyafis ɗinta da kwamfuta, in da hali ƙaramar na'urar ɗaukar sauti ta USB, sai Audacity. A ɗauka a bit 24, a ajiye shi ɗanye yadda ya fito, da shuuu ɗinsa da komai, gyara kuma a yi shi a kan kwafi. Daga kwafin a rage zuwa 16/44.1 a ɗura wa mai kaset ɗin faifansa, a yi MP3 don masu waya. Kuma a sa wa fayil ɗin suna na gaskiya, da sunan makaɗi, da garin, da bikin wa aka yi, da shekarar in an tuna, maimakon AUD-WA0007 da Track 01 da suka cika memorin masu turi. Wannan bayanin ba ya cikin kaset ɗin. Yana bakin dattijon da ya ajiye shi, sai an zauna da shi an kunna, an tambaye shi wane ne ke riƙe da ganga.